Wa Ke Ciyar Da Ɗalibi? Tarihin Tsadar Karatun Jami'a A Nijar

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje kan cika da guɗa daga Maraɗi har Tawa. Kwana biyu ko uku ake yi ana barka da arziki. Daga nan sai mai gida ya koma gefe ya soma lissafi: kuɗin mota, kuɗin rajista, katifa, inda yaron zai kwana, da abin da zai ci kafin burs ta fito, in ma yana cikin waɗanda za a ba. Ni malamin makaranta ne, na kusa shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma iyaye da yawa sun sha zuwa mini da wannan lissafi suna neman shawara. Abin da na lura shi ne, a jami'ar gwamnati kuɗin rajista ba shi ke karya iyali ba. Abin da ke karya su shi ne ci da kwana da hanya, sai kuma shekarun da karatu ke ja fiye da yadda aka tsara.

Wannan ya sa na koma baya ina bin tarihi da tambaya guda: tun da aka soma neman ilimi mai zurfi a ƙasar nan, wa ke ciyar da ɗalibi? Amsar ta sauya sau da yawa, kuma duk lokacin da ta sauya, sai irin yaran da ke kaiwa ƙarshen karatu su ma su sauya.

Lokacin da gari ke ɗauke da ɗalibi

Kafin zuwan Nasara, wanda ya sauke Alƙur'ani kuma yake son fiƙihu da nahawu da tafsiri, sai ya ɗaura ɗamarar tafiya. Wasu su nufi Agadas, wasu Katsina, wasu Kano ko Zariya. Shehu Usman Ɗan Fodiyo kansa, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar da yanzu take Nijar, ya bi malaminsa Jibril ɗan Umar har Agadas don neman ilimi. Irin wannan ɗalibi ba ya zuwa da kuɗin shekara a aljihu. Yana noma gonar malam da damina, yana ɗinkin hula ko rubutun littafi da rani, unguwa na aiko da tuwo, manoma na kai zakkar hatsi gidan malam bayan kaka.

Ba na cewa zamanin zinariya ne. An sha yunwa, an sha wahala, kuma mace ba ta da damar irin wannan tafiya sai in gidansu gidan malamai ne. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu riƙe: nauyin cikin ɗalibi a kan gari yake, ba a kan ubansa shi kaɗai ba. Shi ya sa ɗan talaka ke iya barin ƙauyensu da gora da buzu, ya dawo bayan shekara goma ana ce masa malam.

Lakwal ta Nasara: kyauta, amma ƙofar ƙunci ce

Da Faransawa suka kafa mulki, sun buɗe makarantun boko ne don samun tafintoci da magatakarda da malamai da ma'aikatan asibiti. Mutane ba su so ba. A wurare da yawa sarakuna sun ɓoye ƴaƴansu, suka miƙa ƴaƴan bayi da na talakawa. A duk faɗin ƙasar babu wata babbar makaranta, ko a Damagaram da ta kasance babban birni har 1926, ko a Yamai da ta gaje ta. Yaron da ya yi fice sai a tura shi Senegal, makarantar William Ponty, wadda ke tsibirin Gore kafin a maida ta Sebikotane, ko makarantar likitanci ta Dakar, ko Katibugu a ƙasar Mali ta yanzu.

Daga Ponty ne Boubou Hama ya fito a 1929, ya zama malamin boko na farko ɗan ƙasar Nijar mai irin wannan horo. Diori Hamani da Djibo Bakary su ma can suka yi. Waɗannan mutane iyayensu ba su biya ko dala ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauki abinci da tufafi da littattafai da kuɗin hanya. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ɗalibi kan sa hannu cewa zai yi wa gwamnati aiki shekara goma. Kuma kuɗin da aka kashe musu daga harajin talakawa aka cire shi, talakawan da ƴaƴansu ba su taɓa ganin allon boko ba.

Ranar da muka karɓi ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, kuma babu jami'a. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya bi ta Ponty ya wuce Paris ya ƙware a kimiyyar fizik, ya rubuta littafi a 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya soki wannan tsari na ɗebo ƴan tsiraru a raba su da harshensu da jama'arsu. Jami'ar Yamai sunansa take amsawa tun 1992.

Gyaɗa da yuraniyom

Bayan ƴancin kai gwamnati ta gaji nauyin. Ɗalibanmu sun tafi Dakar da Abijan da Faransa, wasu Tarayyar Sobiyet, wasu ƙasashen Larabawa, da burs ta gwamnati ko ta ƙasashen da suka karɓe su. Ya kamata mutanen yankinmu su san inda kuɗin ke fitowa a lokacin. A shekarun 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kuma Maraɗi da Damagaram ne matattararta. Kamfanin SONARA ke sayenta daga hannun manoma. Gyaɗa da haraji da jangali su suka riƙe baitulmali. Wato manomin Tasawa ko na Magarya, wanda bai iya rubuta sunansa da boko ba, shi ya biya wa injiniyoyinmu da likitocinmu na farko kuɗin karatu.

A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, da masanin lissafi Boubakar Ba a matsayin shugabanta na farko. A wannan shekara ta 1971 aka soma haƙar yuraniyom a Arlit. Fari na 1973 da 1974 ya durƙusar da gyaɗa da dabbobi, Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, sai kuma farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya. Mahaƙar Akouta ta soma aiki a 1978. Kuɗi ya shigo.

Manyan malaman da suka koyar da mu, waɗanda suka yi jami'a a wannan lokaci, sun sha ba mu labari. Wanda ya ci bak kusan yana da tabbacin burs, da ɗaki, da abinci a kantin jami'a. Gwamnati ke zaɓa maka fannin da za ka karanta bisa buƙatarta, kuma aiki na jiran ka ranar da ka gama. Wasunsu daga cikin burs suke aika wa iyaye kuɗin hatsi. A wannan ɗan tsakani ne ƴaƴan manoma da makiyaya suka fi samun hawa, kuma da yawa daga cikin manyan da muke gani yau a asibitoci da kotuna da ma'aikatu ta wannan ƙofa suka shigo. Amma mu tuna, tsarin ya yiwu ne saboda abu biyu: ɗaliban ba su da yawa, kuma ƙarfe ɗaya na tsada.

Gadar Kennedy

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi. Bashi ya taru, fari na 1984 ya zo, wanda iyayenmu ke kira El Buhari. Tun 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da asusun FMI, daga baya da Bankin Duniya, aka soma tsuke bakin aljihu. A lokacin masanan Bankin Duniya na da ra'ayi mai ƙarfi, wanda suka bayyana a rahotonsu na 1988 kan ilimi a Afirka: kuɗin da aka zuba a firamare ya fi amfanar ƙasa fiye da wanda aka zuba a jami'a, don haka a rage burs, a sa iyalai su ɗauki wani kaso, a daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki kai tsaye.

A matsayina na malamin da ya koyar a aji na zana, wanda iska ke kwashewa da faɗuwar ruwan farko, ba zan ce maganar ba ta da kan gado ba. Abin da ake kashe wa ɗalibin jami'a ɗaya ya isa ya riƙe yaran firamare masu yawa. Amma sun manta da tambaya mai sauƙi: wa zai horar da malamin firamaren, wa zai duba matar da ke naƙuda a ƙauye? Kuma sun nemi a sauke kayan a kan iyalai daidai lokacin da rumbu ya ƙare, garke ya mutu. Bankin kansa ya sassauta wannan ra'ayi a wani rahoto da ya fitar tare da UNESCO a 2000, amma a lokacin an riga an yi ɓarna.

Kountché ya rasu a watan Nuwamban 1987, Ali Saibou ya gaje shi. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyar USN suka fito daga jami'a, wadda ke ƙetaren kogi a Harobanda, suka nufi cikin gari don nuna ƙin amincewa da waɗannan matakai. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta. Ɗalibai uku suka mutu bisa ƙididdigar hukuma, da dama suka jikkata. Mako guda bayan haka ƙungiyoyin ƙwadago da jama'ar gari suka fito. Kafin ƙarshen shekarar an amince da jam'iyyu da yawa, kuma ranar 29 ga Yulin 1991 aka buɗe babban taron ƙasa, wanda masanin tarihi André Salifou ya jagoranta, ɗalibai na cikin masu ƙuri'a a zauren.

Mutane kan ambaci wannan rana a matsayin mafarin dimokuraɗiyya, kuma gaskiya ne. Amma kada mu manta abin da ya fito da yaran kan titi. Maganar burs ce, da makomar wanda ya gama karatu. Tambayar wa zai ciyar da ɗalibi ita ce ta girgiza mulkin soja.

Shekarun da aka ci bashin lokaci

Abin takaici, dimokuraɗiyya ba ta zo da kuɗi ba. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni babu albashi, ɗalibai sun yi watanni babu burs. Yajin aiki ya bi yajin aiki, har aka riƙa soke shekarar karatu ɗungurungum, abin da muke kira farar shekara. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Littafi da takarda da magani, duk abin da ke zuwa daga waje, ya yi tsada, karatu a Faransa kuma ya gagari duk wanda ba ɗan mai hali ba.

A nan ne wani sabon kuɗi ya shigo lissafi, wanda ba a rubuta shi a kowace takardar rajista: lokaci. Idan karatun shekara uku ya koma biyar, uba zai ciyar shekara biyu da bai shirya ba, kuma gona ta rasa hannu shekara biyu. Ɗan mai kuɗi zai iya jira, ko a ɗauke shi a kai Kwatano ko Lome ko Maroko. Ɗan talaka sai ya tattara ya koma gida, ko ya tafi ci-rani.

Ni a wannan zamani na taso. Da na gama sakandare, mahaifina manomi ne mai ɗan tebur a kasuwa, ƙannena shida na bayana. Mun zauna mun auna: Yamai nesa, ba mu da kowa can, kuma ba wanda ya san yaushe shekara za ta ƙare. Makarantar horar da malamai gajera ce, kusa take, kuma ana fita a soma karɓar wani abu. Can na shiga. Ina son aikina, amma na san a ajinmu akwai waɗanda kansu ya isa likitanci ko injiniya, kuɗin mota da kuɗin tuwo ne suka zaɓa musu sana'a.

Waɗanda suka daure suka je Yamai, abin da ya riƙe da yawansu shi ne tsohon tsarin nan na gari ya ɗauki ɗansa. Ɗalibai ƴan yanki guda sukan haɗu wuri guda, wanda suke kira ambasad, sabon zuwa ya samu tabarma da tukunya tun kafin ya san hanyar aji. Wani kawu mai gadi ko ɗan tireda a Yamai ya riƙe yaran ƙauyensu uku ko huɗu. Ba a rubuta sunan irin waɗannan mutane a tarihin jami'a ba, alhali ba don su ba da digiri da yawa ba su samu ba.

Da jami'a ta matso kusa

Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, zuwa Maraɗi kusan 660, zuwa Damagaram kusan 900, Diffa kuwa ta haura 1,300. Shekara kusan arba'in duk mai son jami'ar gwamnati sai ya yi wannan tafiya, in ka cire jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986, wadda ita ma a yamma take. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 suka zama jami'o'i. A 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. Yau ta Maraɗi na amsa sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta Damagaram André Salifou, ta Tawa Djibo Hamani.

A ganina, tun bayan zamanin yuraniyom babu matakin da ya rage wa iyalai nauyi kamar wannan. Yaron Gidan Rumji ko Mirriya yanzu ana iya aika masa buhun gero da motar kasuwa. Uban da ba zai taɓa barin ƴarsa ta tafi Yamai ba, ya yarda ta yi karatu tana kwana gidan gwaggonta a Maraɗi. Na ga ƴan matan da na koyar sun zama malaman sakandare ta wannan hanya.

Sai dai jama'a ta ƙaru fiye da gine-gine. A 1960 ba mu kai miliyan 4 ba, ƙidayar 2012 ta ba da sama da miliyan 17, yanzu mun haura 25. Masu cin bak na ƙaruwa, ɗakunan kwana da kantin abinci da azuzuwa ba su bi sawu ba. Burs ba ta isa kowa, kuma waɗanda ke samu sun sha jiran ta watanni. A watan Afrilun 2017 an sake rasa ran ɗalibi a Yamai cikin zanga-zanga kan halin rayuwa da karatu. Makarantu masu zaman kansu sun cika gurbin, wasu nagari, wasu kuwa sai a hankali, kuma na san gidajen da aka sayar da gona ko shanun huɗa don biyan su. Idan kuɗin bai isa yara biyu ba, kowa ya san wadda ake cewa ta haƙura.

Abin da tarihin ya nuna

Ba za a koma zamanin Kountché ba, lokacin da gwamnati ke ɗaukar kowa da komai. Yawanmu ya wuce nan. Amma duk lokacin da ɗan talaka ya kai ƙarshen karatu a ƙasar nan, in ka bincika za ka tarar wani ne ya taya ubansa ɗaukar cikinsa: unguwar malam, ko baitulmali, ko ambasad, ko kawu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daga nan nake ganin abubuwa kaɗan da za a iya yi.

Na farko bai buƙatar sabon gini. Shekarar karatu ta soma kan lokaci ta ƙare kan lokaci, burs ta fito ranar da aka ce. Kuɗi kaɗan da ya zo kan kari ya fi mai yawa da ya zo bayan yaro ya ci bashin mai shago wata biyar. Wannan nauyi ne a kan gwamnati, amma ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai su ma su riƙa tuna cewa kowane wata da aka rasa, wani manomi ke biyan sa.

Na biyu, wajen rabon burs a duba halin gida, ba maki da shekarun haihuwa kaɗai ba. Yaron ƙauye yakan shiga makaranta a makare, ya yi karatu ba fitila, ya rasa malamin lissafi rabin shekara. Idan ya ci bak da ƙyar, ya yi abin da ya fi na wanda aka ɗaukar wa malami a gida.

Na uku, gado da tukunya su zo kafin katanga da ƙofa mai ado. Kananan hukumomi da ƴan kasuwarmu, waɗanda Allah ya hore wa, za su iya gina gidajen kwana na ɗaliban yankinsu kusa da jami'o'i, musamman na ƴan mata, su kuma kai hatsi da kaka lokacin da yake araha. Kakanninmu sun yi wa almajiran ilimi haka ba tare da wata doka ba.

Ana ta maganar bashin karatu, tun da Najeriya ta soma nata a 2024, Ghana kuwa ta daɗe da shi. A yi hattara. Bashi na da ma'ana inda aiki ke jiran mai digiri. Inda matashi ke shekara uku yana yawo da takardu, bashin ƙarin sarƙa ne, kuma ɗan talaka ne zai fi jin tsoron ɗaukar sa.

Ga ƴan uwana malamai kuwa, mu muka fi kowa sanin cewa tsadar jami'a ba a ƙofar jami'a take somawa ba. Tana somawa ranar da yarinya ta ci jarrabawar shiga sakandare, ƙauyensu babu kwaleji, kuma ba a samu mai masauki a gari ba. Mun san sunayen waɗannan yara, mun san gidajensu. Kafin a rufe makaranta bana, kowannenmu ya ɗauki sunan yaro ɗaya ko yarinya ɗaya, ya kai wa ƙungiyar iyaye da mai gari da ƴan garin da ke birni, a zauna a san inda za su kwana da wanda zai ciyar da su. Allah ya ba mu ikon yi.